Shekarar da Tumbin Layya Ya Kashe Mana Tafki

Ranar da aka kawo ku wurin aikin nan, ku sababbin ɗauka, ina bakin tafki na biyu na ji ɗaya daga cikinku yana gaya wa abokinsa wai wannan ai ba aiki ba ne, ruwa ne ke shigowa da kansa ya fita da kansa, mutum sai dai ya nemi inuwa ya zauna. Ban tanka ba, don hannuna na cikin laka. Amma na ji, kuma na gane mai muryar. Ba zan faɗi sunansa a nan ba. Shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan, ni Hajara da kuke kira Inna Mai Makulli. Sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga ajin manya na koyi karatu da rubutu, saboda haka in kun ga kuskure ku gyara a zuci ku wuce. Abin da ke ciki shi ne naku.

Ga wanda bai san wurin ba, ruwan da ke fitowa daga kwatocin unguwanninmu na Tudun Wada, na wanka da wanki da wanke-wanke da abin da ya fi haka muni, da can babban lambatu yake bi ya gangara rafi. Masu lambu su dasa injinansu na ban-ruwa a ciki, su ba salak da kabeji da karas. Haka na tashi na gani. Ƙafafun masu lambu kullum cikin ƙaiƙayi, 'ya'yansu ciki cike da tsutsa, ma'aikatan unguwar Kongo kuwa da sun ji inda ganyen ya fito sai su ajiye su wuce. Daga baya aka gina wannan wuri a gangaren, aka tare ruwan, ya zama sai ya bi ta hannunmu kafin ya isa fangali. Ruwan da gari ya ɓata, mu gyara shi a ba abin da gari zai ci. Aikin ke nan.

Aikin farko da aka damƙa mini shi ne raga, ƙarafan nan da aka jera a mashigar ruwa don tare tarkace. Aka ba ni manjagara mai dogon hannu, da baro, da takalmin roba da ya fi ƙafata girma, sai da na cusa tsumma a ciki. Ledar ruwa, tsumman yara, bawon rake, takalmi wari ɗaya, mushen kaza, duk abin da Tudun Wada ta gaji da shi wurina yake zuwa. Ba a jan manjagara da ƙarfi. In ka fizga, ledar ta yage, rabi ya wuce ciki, gobe ka same shi ya toshe bututu a inda hannu ba ya kaiwa. Daga ƙasa ake ɗaukowa a hankali, a jingina haƙoranta da ƙarfen, a bar ruwan ya tsiyaye kafin a juye a baro. In ba haka ba, ruwa za ka yini kana turawa. Daga abin da raga ta kama nakan san an yi biki a unguwa ba a gayyace ni ba. Matan layinmu suka sa mini suna mai kwata. Wata ma a gidan suna ta ce in matsa daga kusa da ita. Na ce da ita ta daina zubo mini abin da nake kwashewa, sai mu rabu lafiya. Ba ta ƙara ba.

Wanda ya koya mini aikin Baba Ishaya ne, mutumin Wusasa, tsohon ma'aikacin ruwa da ya yi ritaya aka roƙe shi ya dawo ya riƙe wurin. Bai taɓa nuna mini abu ba sai ya fara sa ni na duba da kaina. Da safe zai tsaya bakin tafki, hannu a baya, ya ce, "Hajara, me ruwan ya ce yau?" Da farko na ɗauka zolaya ce irin ta tsofaffi. Ashe da gaske yake. Tafki na farko baƙi ne mai zurfi, nan laka ke kwanciya, shi wari halinsa ne, ba a yi masa faɗa. Na biyu dole ya zama kore shar, don gansakukar nan da ƙananan halittun da ido ba ya gani su ne ke cinye ƙazantar, kuma ba sa rayuwa sai da rana da iska. In koren ya fara dusashewa ya koma toka-toka, tafkin ba shi da lafiya. Daga nan ruwa ya ratsa cikin ciyayin kacalla da jema da muka dasa, saiwoyinsu su tsotse abin da ya rage, ya bi ta yashi ya tace, ya wuce ƙarƙashin fitilar nan mai kashe ƙwayoyin cuta, sannan ya taru a tafkin ajiya. Ƙofar tafkin ajiya ita ke fita lambu, makullinta kuma shi ya ba ni suna. Baba Ishaya ne ya tura ni ajin manya. Ya ce ba zai bar makulli a hannun wadda ba ta iya karanta abin da ke jikin kwalba ba. Na ce masa a shekaruna? Ya ce shi ma a shekarunsa aka dawo da shi bakin kwata, in je in dawo mu ci gaba.

Kankare yashi shi ne aikin da nake so in ga mai maganar inuwa ya yi. Sai an tsayar da ruwa, a bar shi ya janye ƙasa da fuskar yashin. Ba a taka yashin da ƙafa, katako ake shimfiɗawa a bi ta kai. Ka duƙa da shebur mai faɗin baki kana ɗebe fatar sama kawai, kaurin yatsa, daidai wa daida daga wannan bango zuwa wancan. In ka zurfafa ka yi ɓarna, in ka bar rami ruwa zai bi ta nan ya tsere bai tacu ba. Ka kwashe, ka wanke, ka shanya, ka adana. Bayan an gama kuma ba a sakin ruwan farko zuwa lambu, sai sabuwar fata ta kama. Ranar kankara ba na iya sallar la'asar a tsaye.

Ɗibar ruwan gwaji ba ta da nauyi, amma ita ta fi gyara mini tunani. Malama Rifkatu ce ke zuwa daga ɗakin gwaji da kwalabenta cikin kula mai ƙanƙara. Wata rana ta tafi da ni, ta ɗiga ruwan da ni a idona garau yake, ta ce in leƙa madubinta mai girmama ƙananan abubuwa. Na ga ƙwan tsutsar ciki kwance, kamar ƙwayar gero mai ɓawo. Tun ranar na daina yarda da idona shi kaɗai. Masu lambu kuwa da suka ga ruwa ya fito ba launi ba wari, sai wasu suka fara alwala da shi suna kurkure baki. Na bi su fangali-fangali ina faɗa, na ce wannan na saiwa ne ba na baki ba, mai son alwala ga famfo can.

Babbansu Malam Ɗanjuma ne, Sarkin Lambu, dogo mai kaifin harshe. Tunda makulli ya zo hannuna ya daina kiran sunana. Da sassafe zai tsaya bayan wayar shinge ya ce, "Gwamnati, a taimaki talakawa a buɗe." Ni kuma in ce talakan da ya fi gwamnati tumbi ban taɓa gani ba sai shi. Muna haka ruwa na tafiya. Ƙaiƙayin ƙafa ya ragu. Matan da ke sarin ganye suka fara faɗi da bakinsu a kasuwa cewa wannan na ruwan tace ne, masu saye daga Kongo da Gyallesu suka dawo. Sunan nan da ganyensu ya yi shi ne dukiyar masu lambu, shi ne kuma dalilin zamanmu a nan. Ranar da suka mayar da injinansu lambatu, mu ba mu da sauran aiki.

To ga shekarar da nake son ku sani. Tsakanina da Baba Ishaya akwai tsari, ranar Sallah shi ke riƙe wurin, ranar Kirsimeti ni. Shekarar nan ce aka haɗa mana babban lambatun da ya ɗebo unguwanni da yawa, da can 'yan layuka kaɗan muke karɓa. Babbar Sallah kuma ta faɗo farkon rani, an gama dashe ke nan, salak bai ko miƙe ba. Bayan azahar ina gaban kasko ina suya, waya ta yi ƙara. Baba bai ce mini barka da Sallah ba. Ya ce, "Hajara, sauke kaskon nan ki zo."

Na tarar da ruwan mashiga ja wur. Kun san yadda muke yi. A yanka rago, a feɗe, mata su ja kayan ciki bakin kwata, a farke tumbi a zazzage, a tatse hanji, a bi da ruwa. Zamanin iyayenmu tsakar gida ƙasa ce, rami ake tonawa a yi yanka a kai, a rufe. Yanzu kowa ya shafe gidansa da siminti, jini da dattin tumbi da ruwan kitse ba su da wurin zuwa sai kwata. Gida ɗaya ba komai ba ne. Amma gari guda, a yini guda, duk a kanmu. Babu wanda ya yi da mugunta, babu kuma wanda ya hango, daga masu zanen wurin har mu da muka yi layya tun muna yara. Kafin in iso, tsohon nan shi kaɗai ya riga ya datse ƙofar da ke shiga tafkin ajiya, ya juya sauran ruwan ya koma tsohon lambatu. Wannan datsewar ita ta cece mu. Amma abin da ya riga ya shiga tafkunan farko ya shiga.

Kafin a gama cin naman Sallah tafki na biyu ya mutu. Koren ya tafi, ya koma toka, ya koma wani ja-ja kamar ruwan wankin nama, ga wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai har bakin titi. Kitse ya daskare a kan yashi. Fitila kuwa ba ta aiki a ruwa mai duhu, haskenta ba ya ratsawa. Ruwa mai kyau da ya rage mana shi ne ɗan abin da ke tafkin ajiya, wanda ba zai cika fangalin kowa ba ko sau biyu. Ga ɗanyen ruwan kwata yana gudu a tsohon lambatu, ta gefen dashen da ke yaushi.

Malam Ɗanjuma ya zo da mutanensa. Ranar babu wasa a bakinsa. Ya ce in buɗe duk ƙofofin, ruwa ya bi ya fito ko yaya yake, ai taki ne ma. Na ce a'a. Ya ce, "Gwamnati, ga ruwa can yana wucewa ta gaban dashenmu. Da shi iyayenmu suka yi noma. In ba ki buɗe ba, gobe injinanmu suna cikin lambatu, kuma in suka shiga ba mai sake fito da su."

Na san ba barazana ba ce. Na ce, "Malam, in na sakar maka wannan da sunan ruwan tace, na yi wa duk mai cin ganyenka ƙarya. In za ka koma lambatu ka koma da ƙafarka, kowa ya gani. Amma ba ta ƙofata ba."

Sai Baba Ishaya ya sa baki, shi da ba ya ɗaga murya. Ya ce tafkin bai mutu har abada ba, iska ce ta ƙare masa. In da za a sami injina su riƙa zuƙo ruwan suna watsa shi sama yana faɗowa, zai farfaɗo, sai dai ba gobe ba, ba jibi ba. Kafin nan a raba ruwan ajiya da bokiti, a zuba a gindin dashe, a daina sakin shi a fangali. Wani daga bayan taron ya ce wato injin da za su ceci gonarsu da shi za su ba kwata ta sha iska. Aka yi dariya mara daɗi. Malam Ɗanjuma ya juya, suka bi shi.

Washegari da hantsi na ji ƙarar baro a kan tsakuwa. Na leƙa, ga Malam Ɗanjuma gaba, injinsa a baro, wasu na biye da nasu. Hanyar nan ta rabu biyu, ɗaya ta gangara lambatu, ɗaya ta hauro wurinmu. Na je na tsaya a mararrabar da manjagara a hannu. Har yau ban san abin da na yi niyyar yi da ita ba. Ya iso, ya dube ni, ya dubi manjagarar, ya ce, "Gwamnati, kauce, ba wurinki na zo ba." Ya turo baronsa ya hauro, ya tsaya gaban Baba Ishaya ya ce, "Baba, ina za a dasa?"

Makonni muka yi. Injina na watsa ruwa sama, mu muna yaye kitse da rariya ɗaure a bakin gora, muna kankare yashi, muna ɗebo ɗan koren ruwa daga gefen kacalla muna zubawa don ya zama iri. Rabon bokiti kuwa Malam Ɗanjuma ne ya tsara da kansa, don ni da na yi da an ce na yi son kai. Ya sa masu ƙananan fangali gaba. Nasa lambun ya fi na kowa girma, ya fi na kowa nisa, sai ya cire shi daga rabon gaba ɗaya. Na bi ta wurin wata rana na ga salak ɗinsa kwance a ƙasa kamar tsumma, ga lambatu na gudu taku kaɗan daga nan, ga injinsa a wurinmu yana ba tafki iska. Ba kowa ya jure ba, akwai waɗanda suka koma lambatu, wasunsu ba su dawo ba har yau. Amma mafi yawa da suka ga Sarkin Lambu ya bar nasa ya ƙone, kunya ta hana su. Wata safiya Baba ya tsaya, hannu a baya, ya tambaye ni me ruwan ya ce. Na ce ya ce kore. Muka jira Malama Rifkatu ta zo ta ɗiba ta dawo da amsa, sannan na sa makulli.

Da wata Sallar ta matso muka zauna shawara. Injiniyoyi suka ce maganin abin ƙarin tafki ne, gaskiyarsu kuma, amma ba a gina tafki da baki. Malam Ɗanjuma ya ce shi abin da ke ba shi haushi, abin da ya kashe tafkin nan taki ne da yake nema ido rufe, in aka binne shi a rami ya ruɓe babu kamarsa. Matsalar ita ce a cikin gida ake farke tumbi, inda namiji ba ya shiga. Duk suka juyo suka dube ni.

Na sa hijabina na bi gida-gida. Wasu suka saurara, wasu suka ce mai kwata ta zo da sabon salo. Gidan Hajiya Uwani na fi daɗewa, don in ta yarda layinsu duka ya yarda. Ta ce, "Yanzu Hajara har tumbin ragona sai kin kafa masa doka?" Na ce, "Hajiya, naman naki ne, fatar kuma ki ba wanda kika ga dama. Dattin kawai na zo roƙo." Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce tunda take ba a taɓa roƙonta kashin rago ba, me za a ba ta? Na ce salak. Ta ce a haɗa da albasa. Haka aka yi. Dattin tumbi a tsohon bokiti a ajiye a zaure. Jini a tara a kwano ko a yi yanka a kan rami a waje, a rufe da ƙasa. Ruwan kitse a bar shi ya huce a yaye kafin a zubar. Limamin unguwa ma ya faɗa bayan sallar Juma'a. Da la'asar ranar Sallah masu lambu su bi layi da baro, su ɗauki bokiti, su ajiye ƙullin abin da lambu ya samu. Shekarar ruwan mashiga ya yi ja kaɗan, tafki na biyu ya yi yaushi, amma bai mutu ba. Bai kuma sake mutuwa ba.

Yanzu yara sun tashi sun ga ana haka, sun ɗauka tun fil azal ne. Na ji wata amarya tana faɗa wai an ɗauki bokitinta ba a bar mata tumatir ba, kamar gadon gidansu. Na ji daɗin faɗan nan ƙwarai.

Na gode wa Allah da sana'ar nan. Ta ciyar da ni, ta sa na iya karanta sunana, ta haɗa ni da mutanen kirki. Baba Ishaya ya koma Wusasa, ido ya yi rauni, duk Sallah nakan kai masa soyayyen nama, kafin in zauna sai ya tambaye ni me ruwan ya ce. Malam Ɗanjuma ya tsufa, 'ya'yansa ke noman, amma bokitin gidana bai yarda kowa ya ɗauka ba. Da kansa yake turo baro ya tsaya a ƙofa ya ce a gaya wa Gwamnati talakawa sun zo kwasar shara. Bai taɓa yi mini maganar salak ɗin da ya ƙone ba, ni ma ban taɓa yi masa ba. Tsohon injin nan da kuke gani a ɗakin kaya, wanda ɗayanku ya ce a sayar wa 'yan gwangwan, nasa ne. Tun ranar da ya hauro da shi bai sake gangarawa lambatu ba. Kada wanda ya taɓa shi.

Shekarun nan Sallah a damina take faɗowa, ruwan sama na rufa mana asiri, shi ya sa kuke ganin abin da sauƙi. Amma tana zagayowa. Za ta koma rani, ta sami dashe bai miƙe ba, lokacin makullin yana hannun ɗayanku, ni ina gida ko ina ƙasa. Gidaje sun ƙaru, akwai amaren da ba wanda ya taɓa gaya musu. Saboda haka bana tare za mu fita. Matan cikinku su bi ni cikin gidaje su ji yadda ake roƙon, mazan su bi masu lambu da baro.

Mai maganar inuwa kuwa na ba shi layin Hajiya Uwani. A nan ban faɗi sunansa ba, amma ita na gaya mata. Ta ce ya zo da babban baro, bana bijimin sa za ta yanka.